Yadda za ka yi magana gaban jama'a ko da gwiwa tana rawa

Ranar da na tsaya kare kundin digirina, cikin watan Afrilu, a wani zaure da fankarsa ta daina juyawa, na manta sunan garin da na yi bincike a kansa. Garin kakannina ne kuwa, can nake zuwa kowace Sallah. Miyau ya ƙafe, takardar hannuna tana kaɗawa kamar ganyen dogon yaro, ni kuma ina kallon tiles ɗin ƙasa ko sunan zai ɓullo daga can. Wani dattijon malami a cikin masu jarrabawar ya turo mini ledar ruwa ya ce, "Yaro, sha ruwa. Ba yanka ka munka zo yi ba, abin da kag gano muka son ji."

Tun daga ranar na yi shekaru ina tsayawa gaban ɗalibai da taruka, kuma har yau gabana yana faɗuwa in an kira sunana. Abin da ya canja shi ne na san abin da zan yi da faɗuwar gaban. Duk wanda ya ce zai raba ka da tsoron taro gaba ɗaya, riƙe kuɗinka. Abin da ake koyo shi ne yin magana mai kyau alhali tsoron yana nan. Wannan jagora na ɗalibin da zai yi difens ne, wato kare kundin digirinsa, da ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a nan Sakkwato da za ta shiga aji karon farko a aikin koyon koyarwa, da ma'aikacin da aka ce ya gabatar da rahoto, da wanda dangi suka ce shi zai yi jawabin godiya a walima.

Fara da sanin abin da jikinka yake yi

A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ke fitar da sinadarin adiranalin. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai ta ba shi umarni. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta, jini ya koma ga manyan tsokoki na hannu da ƙafa, aikin narkar da abinci ya tsaya. Shi ya sa baki ke bushewa, ciki ya murɗa, a ji fitsari. Wani masani a Jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya bayyana wannan tun wajen 1915: jiki ne ke shirin ko dai ya yi faɗa ko ya ranta a na kare. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa ba ta bambanta kura da idanun mutum 40 da suka zubo maka. Duka haɗari ne a wurinta.

Sanin wannan yana da amfani saboda yawancinmu muna ɗaukar rawar jiki a matsayin shaidar cewa ba mu iya ba, ko ba mu da jini, wasu ma su ce baki ne aka yi musu. Ba ko ɗaya. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka aike shi wurin Fir'auna, ya ambaci ƙuncin ƙirji da rashin sakin harshe, kamar yadda ya zo a Suratush Shu'ara aya ta 13. Addu'ar da ya yi a Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28, ta neman buɗin ƙirji ce, da sauƙin al'amari, da kwance ƙullin harshe, sannan ya kawo dalili: don su fahimci maganata. Ka lura da inda addu'ar ta ƙare. Ta ƙare a kan masu saurare.

Akwai kuma wani abu namu na gida. An tarbiyyantar da mu a kan sunkuyar da kai gaban manya, da sassauta murya, da rashin haɗa ido da malami. Tarbiyya ce mai kyau. Amma yaron da ya yi shekara 20 ana yaba masa don ba ya ɗaga ido, rana ɗaya aka tsayar da shi gaban farfesoshi aka ce ya kare ra'ayinsa, dole ya rikice. Ba tsoro kaɗai ke damunsa ba, har da jin cewa yana yin rashin ladabi. Zan dawo kan wannan.

Rage maganar kafin ka fara haddarta

Da yawa daga masu daskarewa a gaban taro sun ɗauko kaya ne fiye da ƙarfinsu. An ba su minti 10, sun zo da abin minti 40.

Zauna da farar takarda ka rubuta jimla ɗaya tak: abin da kake son mutane su fita da shi. Misali, ɗalibin da ya yi bincike kan manoman albasa a fadama zai iya rubuta, "Asarar manoma ta fi yawa bayan girbi, wajen ajiya, fiye da a gona." In ba ka iya rubuta irin wannan jimla ba, ba ka kai ga shirya jawabi ba tukuna, koma ka sake karanta aikinka. In ka samu jimlar, nemo abubuwa uku da ke tallafa mata, kowanne da misalinsa ko adadinsa. Sauran duk ka ajiye su a aljihu, lokacin tambayoyi za su yi amfani.

Kada ka haddace jawabin kalma bayan kalma. Mu nan mun saba da hadda, kuma hadda ta yi mana rana: gasar karatun Alƙur'ani ta ƙasa ma Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ce ta faro ta a 1986. Amma Alƙur'ani lafazinsa ake kiyayewa, kuma an yi shekaru ana tilawarsa. Jawabin da ka cusa a kai cikin kwana uku, kalma ɗaya ta kuɓuce maka, duk sarƙar ta tsinke. Wuri biyu kawai za ka haddace: buɗewa da rufewa. Tsakiyar kuwa ka san ta kamar yadda ka san hanya daga unguwar Mabera zuwa babbar kasuwar Sakkwato, ko an tare wani titi ka san inda za ka ratsa.

Rubuta kanun maganar a ƙananan katuna masu kauri, da manyan baƙaƙe, ka sa musu lamba. Faffaɗar takarda tana tona asirin mai rawar hannu, kati ba ya kaɗawa.

In za ka yi amfani da majigi, kowane shafi ya ɗauki magana ɗaya, da rubutun da na bayan zaure zai iya karantawa. Sannan ka shirya kamar za a ɗauke wuta, domin wata rana za a ɗauke. Buga shafukan a takarda kwafi uku ko huɗu, ka sa fayil ɗin a filash da waya. Na ga ɗalibar da wuta ta ɗauke tana shafi na biyu, ta miƙa wa malamai takardu ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Ta fi waɗanda suka samu wuta burge mu.

Gwaji, wanda shi ne ainihin maganin

Nan ne mutane suka fi yin ha'inci, kuma nan ne zan fi daɗewa. Karanta takarda a zuci kana kwance a katifa ba gwaji ba ne. Gwaji shi ne ka miƙe tsaye, ka buɗe baki, murya ta fita, agogo yana tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya: fara aƙalla mako ɗaya kafin ranar, in da hali biyu.

Kwana biyun farko yi kai kaɗai a ɗaki. Jingine wayarka a taga ka ɗauki bidiyon kanka. Kallonsa zai yi maka ɗaci, kowa haka yake ji da muryarsa, amma daure ka kalla sau biyu. Karon farko rufe ido ka saurari murya kawai: ina ka yi gudu, sau nawa ka ce "wato" ko "ka gane ko", ina muryar ta mutu a ƙarshen jimla. Karo na biyu kashe sautin ka kalli jiki: ko kana lilo, ko hannu yana wasa da hula, ko kana ta gyara hijabi. Zaɓi aibi ɗaya kawai ka gyara kafin gwaji na gaba. Wanda ya ce zai gyara biyar a lokaci ɗaya ba zai gyara ko ɗaya ba.

Daga nan sai ka fara hawa tsani. Yi gaban mutum ɗaya da ba ka jin nauyinsa, ƙanenka ko abokin ɗaki. Kashegari gaban mutum uku ko huɗu. Sannan gaban wanda kake ɗan jin kunyarsa, yayanka ko wani malamin unguwa. Hikimar ita ce, duk lokacin da ka tsaya cikin abin da kake tsoro har ka kai ƙarshe ba abin da ya same ka, ƙwaƙwalwa tana rage ƙarar ƙararrawarta. Duk lokacin da ka gudu kuwa, ka ce ba ka da lafiya, ko ka tura wa abokin rukuni ya gabatar, sauƙin da ka ji yana koya mata cewa gudun ne ya cece ka, sai tsoron ya ƙara kauri. Likitocin ƙwaƙwalwa da wannan hanyar ta fuskantar abu kaɗan-kaɗan suke maganin tsoro iri-iri.

Roƙi masu sauraronka su takura maka. Ɗaya ya yi hamma, ɗaya ya duba waya, ɗaya ya katse ka da tambaya mai zafi. Ka kuma gwada ɓacewa da gangan: tsaya tsakiyar magana, ƙirga uku a zuci, duba katinka, ci gaba. In ka yi haka sau biyar a gida, ranar da ta faru da gaske jikinka ya riga ya san hanyar fita.

Game da lokaci, in an ba ka minti 10, shirya na minti 8. Sallama da gaisuwa da matsalar makirfo za su cinye sauran.

In da hali, je ka ga wurin tun kafin ranar. Tsaya inda za ka tsaya, yi magana da ƙarfi ka ji yadda zauren ke mayar da murya. Ɗaliban da ke zaune cikin gari amma difens ɗinsu yana mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na dindindin, can wajen gari, su lissafa tafiyar da kyau, isowa a makare cikin gumi kaɗai ya isa ya ɓata shirin mako biyu.

Daren jajibiri da safiyar ranar

Rufe takardu bayan Isha'i ka kwanta. Bacci ya fi ƙarin karatu amfani a wannan daren. Da safe ci abu mara nauyi, kunu da ƙosai kaɗan sun isa, kada ka tafi da yunwa kuma kada ka cika ciki. Goro da kofi da shayi mai kauri da lemukan ƙarin kuzari duk suna da sinadarin kafeyin, wanda ke ƙara bugun zuciya da rawar hannu. In ka saba da su kullum sha rabin abin da ka saba, in ba ka saba ba kada ka fara ranar. A zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, sa tufa mai shan iska, riƙe hankici, ka tafi da ruwa mara ƙanƙara sosai.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da labari a Infaƙul Maisuri cewa mahaifinsa Shehu Usmanu, in zai fita wa'azi, yakan ɗan tsaya a wani gefe na gida ya yi wasu kalmomi kafin ya fita wurin jama'a. Da ya tambaye shi, sai ya ce niyya yake sabuntawa, yana kuma roƙon Allah ya fahimtar da mahalarta abin da zai faɗa. Ni daga nan na ɗauki al'adata. Minti biyar kafin a kira ni, nakan keɓe ko da bayan ƙofa ne. Nakan ja numfashi ta hanci ina ƙirga huɗu, har ciki ya taso, in sake shi a hankali ta baki ina ƙirga shida zuwa takwas, kamar sau shida. Fitar da numfashi mai tsawo shi ke rage gudun zuciya. Kada ka riƙa zuƙar iska da sauri-sauri, jiri za ka ji da tsikarin yatsu. Bayan numfashin nakan dunƙule hannu da ƙarfi in saki, in karanta addu'ar Annabi Musa, in tambayi kaina abin da mutanen nan za su ƙaru da shi. Muddin hankali yana kan "ya za su gan ni", tsoro na ƙaruwa. In ya koma kan "me suke buƙatar ji", sai ya samu abin yi.

Kada ka wahalar da kanka da cewa dole sai ka natsu. Wata mai bincike a Harvard, Alison Wood Brooks, ta wallafa a 2014 cewa waɗanda suka gaya wa kansu zumuɗi suke yi kafin jawabi sun fi yin abin kirki a kan waɗanda suka ce wa kansu a natse suke. Dalilin a fili yake. Jikin mai tsoro da na mai zumuɗi kusan ɗaya ne, ango ma zuciyarsa bugawa take. Canja wa abin suna ya fi kashe shi sauƙi.

A gaban jama'a

Taka a hankali, tsaya da ƙafafu biyu a ƙasa, ɗan ware su. Kafin kalma ta fita, yi numfashi ɗaya ka dubi mutane. Sai sallama.

Gaisuwar manya tana cikin abin da ka haddace. Tun kafin taro nemi jerin sunaye da muƙamai daga masu shiryawa, ka san wa ke gaba, ka san wanda ake ce wa "ranka shi daɗe" da wanda ake ce wa "Allah shi gafarta Malam". In wasu sun riga ka sun jero kowa, gaida shugaban taro da iyayen ƙasa da malamai a dunƙule ka wuce. Abin da ba za ka yi ba shi ne buɗewa da ban haƙuri, irin "ni dai ban iya magana ba" ko "ku yi haƙuri ban shirya ba". Muna ɗaukarsa tawali'u, amma abin da yake yi shi ne sa mutane su fara neman kuskuren da ba su lura da shi ba.

Kuma da gaske ba su lura ba. Savitsky da Gilovich sun nuna a binciken da suka fitar a 2003 cewa masu jawabi suna zaton tsoronsu ya bayyana fiye da yadda masu kallo ke gani, kuma waɗanda aka sanar da su haka tun farko sun fi yin jawabi mai kyau. Bugun zuciyar da kake ji kamar ganga, na kujerar gaba ma ba ya jin sa.

Yanzu batun ido. Ba wanda ya ce ka tsare dattijo da ido. Dubi goshinsa ko bakin rawaninsa na ɗan lokaci, ka wuce ga wani. Raba zauren uku, dama da tsakiya da hagu, ka samu fuska ɗaya mai sakin rai a kowane ɓangare, ka riƙa ba kowacce daga cikinsu jimla ɗaya ko biyu. Ladabi yana cikin lafazinka da tsayuwarka. Malamin da ya zo daga wata jami'a don ya ji ka, in ka yi ta magana da ƙasa har bai ji komai ba, ba ka girmama shi ba, ka ɓata masa tafiya.

Ga 'yan'uwa mata da aka saba musu da magana ƙasa-ƙasa: matso da makirfo kusa da baki, kamar faɗin yatsu huɗu, ki bar shi ya yi aikin ɗaga murya. Ki kuma tuna a ƙasar nan Nana Asma'u ta horar da jagororin 'Yan Taru da ake kira jaji, mata da ke fita ƙauyuka suna tsayawa gaban mata suna karantarwa. Tsayuwar mace ta koyar ba baƙon abu ba ne a Sakkwato.

Tsoro yana sa gudu, don haka sassauta fiye da yadda kake jin ya dace. Bayan kowace magana mai nauyi yi shiru na daƙiƙa biyu. A wurinka zai yi kama da shekara, a wurinsu lokacin fahimta ne. In kai ya ɗauke gaba ɗaya, kurɓi ruwa, duba kati, ko ka maimaita jimlar da ka faɗa ta ƙarshe. Kada ka juya baya kana karanta allo.

Lokacin tambayoyi, bari mai tambaya ya kai aya. Maimaita tambayar da kalmominka, hakan zai ba ka lokacin tunani, na baya kuma su ji. In ba ka sani ba, faɗi haka, ka ƙara da abin da ka sani kusa da ita: "Allah shi gafarta Malam, ban duba wannan ba, amma abin da na samu a ƙauyuka ukun da na je shi ne kaza." Imamu Malik da muke bin mazhabarsa ya shahara da cewa bai sani ba in bai sani ba. Ƙirƙirar amsa gaban wanda ya fi ka sanin fannin ita ce ke jawo tambaya ta biyu da ta uku. In gyara aka yi maka, rubuta shi a gabansu ka yi godiya, kada ka shiga musu a kan abin da ba shi ne ƙashin bayan aikinka ba.

Batun ƙwayoyi, da lokacin da ya kamata a ga likita

Za ka samu abokin da zai ce ka haɗiyi wani abu don kunya ta fita. Tiramadol da kodin da makamantansu ba sa ba da ƙwarewa, harshe suke nauyayawa, kuma da yawa daga nan suka fara har abin ya zame musu jaraba. Gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018 saboda irin wannan. Akwai maganin da likitoci kan bayar wani lokaci don rage bugun zuciya da rawar hannu, furofaranolol, amma yana da haɗari ga mai asma da masu wasu cututtukan zuciya, saboda haka ba abin karɓa a kemis ba ne bisa shawarar aboki.

In tsoron ya wuce na ranar taro, har ya kai kana barin darasi, ko ka ƙi ƙarin girma a wurin aiki, ko ba ka iya cin abinci cikin mutane, kuma an yi watanni haka, to wannan lalura ce da likitoci suka sani kuma ana maganinta, galibi ta hanyar zama da ƙwararre ana gyara tunani da fuskantar abin a hankali. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware.

Bayan ka sauka

Daren ranar, kafin ka fara yi wa kanka shari'a, ɗauki littafi ka rubuta abu biyu da suka tafi daidai da abu ɗaya da za ka gyara. Tambayi mutum ɗaya da ya halarta, wanda ba zai yi maka kara ba, ya faɗa maka abin da ya riƙe daga maganar. In abin da ya faɗa ya yi daidai da jimlar nan da ka rubuta a farar takarda tun farko, aikin ya yi, ko da muryarka ta yi rawa. In ya faɗi wani abu dabam, matsalar tana tsarin jawabin, can za ka koma.

Sannan nemi wata damar cikin mako biyu, tun jiki bai manta ba. Ba sai babban taro ba. Karanta rahoton kuɗi a taron ƙungiyar unguwa, ko ka karɓi ajin yara a Islamiyya ranar Asabar, ko ka ɗaga hannu ka yi tambaya ɗaya a lacca.